'Ya'ya Biyar, Gurbi Huɗu

Masu zuwa gaisuwa sun ɗauke ƙafa, tabarmin da muka aro a masallaci an mayar, gida ya koma namu mu kaɗai. Sai yanzu na iya zama in rubuta abin da ya same mu a daminar bana. Ba zan ambaci sunan asibiti ko na likita ba, don ba tonon silili na zo yi ba. Saboda matan ma'aikata irina nake rubutawa, masu yawo da katin inshora a jaka kamar laya.

A Orozo muke zaune, can gefen Abuja. Ni ɗinki nake yi a ƙofar ɗakina, maigidana Malam Sani kuma direba ne a wata ma'aikatar gwamnati. 'Ya'yanmu biyar: maza uku, Abba ne babbansu, sai 'yan biyu mata, Hassana da Husaina, masu shekara goma sha ɗaya. Da su unguwa ta san ni, Maman Biyu. Kamarsu ɗaya, har ubansu yakan kira wannan da sunan waccan, amma hali ya raba su. Husaina ko sauro ya cije ta sai maƙwabta sun ji. Hassana kuwa ko ƙusa ta taka, sai dai ki ga jini a silifa.

Duk wadda ta haifi tagwaye ta san doka: ba a yi wa ɗaya abu a bar ɗaya. Surukata Inna, da ke can garinmu, ita ta kafa mini wannan dokar tun ranar suna, ni kuma na riƙe ta da gaske. Yadi ɗaya nake yanka musu. Alewa guda ce ma sai an fasa ta biyu. Ko hoton Sallah za a ɗauka, kujera ɗaya suke zama, Hassana a dama, Husaina a hagu.

Abu ɗaya ne ya raba su, shi ne katin inshorar lafiya na wurin aikin Malam. Tsarin yana ɗaukar ma'aikaci da matarsa da 'ya'ya huɗu waɗanda ba su kai shekara sha takwas ba. Malam ya jera su yadda suka zo duniya. Hassana ta riga 'yar'uwarta fitowa, ta shige ta huɗu, ƙofa ta rufe a fuskar Husaina. Na yi faɗa, ba kaɗan ba. Ya ce ana iya ƙara na biyar da kuɗi, zai yi in an yi ƙarin albashi. Shekara ta bi shekara, daga baya waƙar ta sauya: ai Abba ya kusa cika sha takwas, da ya fita sai Husaina ta shiga gurbinsa. Muka bar ta a haka, muka kuma ɓoye wa Inna.

Ba zan ci amanar katin ba, ya yi mana rana. Maganin hawan jinin Malam duk wata a kansa yake karɓa, ɗan abu kaɗan yake cikawa. Da Abba ya karye a wurin ƙwallo, shi ya ɗauke mana nauyin. Matsalarsa ɗaya da na sani a lokacin, asibitinmu na kati yana Gudu, can cikin gari, inda muka zauna kafin kuɗin haya ya koro mu Orozo. Sauya shi sai an yi ta zirga-zirga a ofisoshi, Malam kuma kullum yana bayan sitiyari.

Ciwon ya fara ne bayan injin rijiyar burtsatsen layinmu ya ƙone, muka koma sayen ruwa a hannun 'yan garuwa. Ban taɓa tambayar inda suke ɗebowa ba. Su biyun suka kwanta rana ɗaya, zazzaɓi da ciwon kai. A makon farko abin da kowa ke yi na yi: na je kemis, aka ba ni maganin maleriya. Inna ta bugo waya ta ce shawara ce, kada in yarda a yi musu allura, in dafa ganyen gwanda da na mangwaro da tazargade su yi sirace. Na dafa. Zazzaɓin ya riƙa sauka da safe, la'asar na yi ya dawo da ƙarfinsa.

Maƙwabciyata Maman Joy, 'yar Filato ce mai shagon kayan miya, ita ta fara tsawata mini. Ta leƙo ta ga sun rame, ta ce da irin Hausarta, "Maman Biyu, wannan yara ba maleriya ba ne fa. Ka kai su asibiti, ka bar ganye."

Mako na biyu Malam ya nemi izini a wurin ogansa ya ɗauki Hassana zuwa Gudu. Aka gwada jini, aka ce taifot ne, aka ba ta magani. Da yamma ya dawo da leda ɗaya, ga marasa lafiya biyu a katifa ɗaya. Wata bai yi nisa ba, amma albashi ya riga ya ƙare, babu kuɗin saya wa Husaina nata. Maman Joy ta ce gobe a kai Husaina a ce Hassana ce, wa zai gane? Malam ya ce wannan ha'inci ne, in aka kama shi aikinsa ne a bakin ƙofa, kuma ba za su ba mutum ɗaya magani sau biyu a mako ɗaya ba.

Na ɓallo ƙwayar na miƙa wa Hassana. Ta rufe baki, ta kawar da kai. Na lallashe ta, na zare mata ido, duk a banza. Abin da ta ce kawai, "Sai an ba Husaina."

Ciwo ɗaya, alamu ɗaya, yara kuma kamar an tsaga kara. Ni da Malam muka dubi juna, muka raba maganin biyu. Zazzaɓi ya sauka, suka ci tuwo, har suka fito ƙofa suna yi mini wasa da ƙyallayen ɗinki. Muka yi ta hamdala. Maganin ya ƙare a rabin kwanakin da aka rubuta, ba wanda ya damu tunda yara sun miƙe.

A mako na uku ciwon ya dawo kamar ya je ya ɗauko 'yan'uwansa. Ranar wata Alhamis da safe Husaina ta riƙe ciki tana birgima tana ihu. Hassana tana gefe tana amai, jikinta zafi rau, amma shiru. Nan muka raba kanmu. Malam ya ce zai kai Hassana Gudu tunda hanyar aikinsa ce, ni in kai Husaina asibitin gwamnati da ke kusa da mu. Ban yi gardama ba. A zuciyata na ce Hassana tana da kati, Husaina ba ta da kowa sai ni. Tun da aka haife su ba su taɓa kwana a ɗaki daban-daban ba sai daga ranar.

Wanda bai taɓa shiga asibitin gwamnati ba kati ba hanya, bai san Abuja ba. Layin yankar katin asibiti daban, layin biyan kuɗi daban, layin ganin likita daban, kowanne kuma sai an nuna rasit ɗin na baya. Mutane zaune a benci, a ƙasa, a kan matakala. Ga masu gadi da 'yan talla daga ƙauyukan arewa, ga matan Gbagyi da goyo, kowa ya riƙe takarda yana jira a kira shi. Ina ɗauke da yarinya mai shekara sha ɗaya a kafaɗa, mai karɓar kuɗi ko ɗago kai ba ta yi ba, ta ce in bi layi.

Kukan nan na Husaina da nake yi mata faɗa a kansa tun tana ƙarama, shi ya cece ta. Ihunta ya ishi wata nas, ƙatuwa mai kaifin baki, ta fito ta yi mana tsawa mu yi wa mutane shiru. Tana cikin faɗan ta kai hannu ta taɓa cikin yarinyar. Faɗan ya tsaya. Ta karɓe ta daga hannuna ta wuce da ita ɗakin gaggawa, ni ina biye da takalmi ɗaya.

Likitan dogo ne, idonsa ja don gajiya, Hausarsa ta kasuwa. Ya danna cikin, Husaina ta ƙwalla ƙara. Sai ya kamo hannuna ya ɗora a kai.

"Mama, taɓa. Ciki mai lafiya laushi ne. Wannan katako ne. Hanji ya huje, sai tiyata yau."

Ya tambayi maganin da ta sha, na faɗa masa gaskiya, har da rabon da muka yi. Bai zage ni ba. Ya ce rabin magani ba ya kashe ciwo, koya masa faɗa yake yi. Wannan maganar har yau tana kunnena. Da ya ji tana da 'yar'uwa da suka sha ruwa ɗaya suka raba magani ɗaya, ya ce lalle a duba cikin waccan ita ma. Nan take na buga wa Malam na faɗa masa. Ya ce in kwantar da hankalina, an ba Hassana gado, an sa mata ƙarin ruwa, zai gaya musu.

Daga nan aka miƙo mini takardar sayayya. A asibitin gwamnati likita na nan, wuƙa na nan, amma sauran duk kai za ka kawo: safar hannu, auduga, allurai, ruwan ƙari, har zaren ɗinki. Ni da nake cin abinci da zare da allura, ranar na tsaya a layi na sayi zaren da za a ɗinke 'yata. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Na buga wa Maman Joy na ce ta kira telan bakin titi ya zo ya ɗauki keken ɗinkina, duk abin da ya bayar ta karɓa. Limamin unguwa ya yi sanarwa bayan azahar aka tara abin da aka tara. Aka ce ana buƙatar jini, mijin Maman Joy, Oga Bitrus, ya rufe garejinsa ya zo ya miƙa hannu. Kafin magariba an fito da Husaina, roba a hanci, roba a ciki, amma tana numfashi.

Ɗakin da aka kwantar da mu ba abin yabo ba ne. Fanka ɗaya ke juyi, sauro kamar an yi musu gayya, banɗaki kuwa gara kada in faɗa. Mai jinya ita ce mai wanki, ita ce mai zubar da fo, ita ce mai gudu kantin magani, makwancinta kwali a ƙarƙashin gado. Na yi ta tsine wa talauci. Amma kullum da safe likitoci sukan zagayo a jere, su ɗaga riga, su danna ciki, su duba ɗinki. Nas ɗin nan mai kaifin baki, da ta zage ka da ta duba ɗanka duk a numfashi ɗaya take yi. Allah ya saka mata da alheri, ya kuma rage mata zafin baki.

A can Gudu kuwa labari mai daɗi nake ji. Malam ya turo mini hoto a waya: ɗaki fes, farin zanin gado, na'urar sanyaya ɗaki, har da talabijin. Ko sisi ba a karɓa ba. Na dubi hoton, na dubi kwalina, na ce ka ga 'yar gata. Har wani haushi na ji a madadin Husaina.

Abin da ban sani ba shi ne, asibitin kati irin namu na matakin farko ne. Zazzaɓi da ƙananan ciwo suke gani. Abin da ya wuce nan, hoton ciki ne ko tiyata ko turawa babban asibiti, sai kamfanin inshora ya aiko da lambar izini, wadda suke kira kod. Malam ya isar da saƙon likita, suka ce sun ji, sun tura neman kod na hoton ciki. Aka kwana aka tashi Juma'a, kod bai zo ba. Bayan masallaci ogan Malam ya ce su kama hanya, akwai biki a wata jiha sai Lahadi. Yaya zai ce a'a? Aikin ne katin. Ya kira yayarsa, Yaya Lami, daga Bwari ta zo ta zauna da Hassana. Yaya Lami mutuniyar kirki ce, amma ba ta jin Turanci, kuma a wurinta duk mai farar riga ba a mayar masa da magana.

Kullum ina bugawa, safe da yamma. Yaya Lami ta ce da sauƙi. In ce a ba ni Hassana, ta karɓa da 'yar muryarta ta ce, "Da sauƙi, Umma. Ya jikin Husaina?" Mu Hausawa haka aka koya mana, ko mutum yana bakin kabari aka ce ya jiki, da sauƙi zai ce. Na san haka sarai. Amma mai neman kwanciyar hankali duk abin da aka miƙa masa karɓa yake yi. Ranar Lahadi Malam ya dawo ya biya ta can, ya ce ya tarar tana barci, ta ma daina juye-juye, kod dai sai Litinin tunda ofisoshi a rufe suke.

Husaina ce ta ƙi yarda. Tun da ta farfaɗo take tambayar 'yar'uwarta. Na nuna mata hoton, na ce ga ta can tana kallon talabijin, ke ce dai abin tausayi. Ta daɗe tana duban hoton, sannan ta ce, "Umma, ki je ki gan ta. Kin san ba ta faɗa."

Abin da ya ci Doma ai ba ya barin Awai, kuma likita ya faɗa tun ranar farko. Litinin da sassafe Maman Joy ta bar shagonta a rufe ta zo ta zauna da Husaina, ni na kama hanyar Gudu. Mai zuwa cikin gari daga wajenmu ranar Litinin ya san cunkoson Karu da Nyanya. Ban isa ba sai wajen azahar.

Ɗakin yana nan yadda yake a hoto, sanyi har da ƙamshi. Hassana tana kwance sambal, ba ta motsi, idanu sun faɗa, leɓe ya bushe. Ta gan ni ta yi murmushi. Ban gaisa da Yaya Lami ba. Na ɗaga rigarta, irin wadda ke jikin Husaina ranar da muka shiga asibiti, na ɗora hannu a cikinta. Katako. Na danna kaɗan, ta cije leɓe, hawaye ya gangaro ta gefen ido, ba ta yi ƙara ba. Ashe rashin juye-juyen da Malam ya gani ba sauƙi ba ne, motsin ne ba ta iyawa.

Ban san ina da murya irin wannan ba sai ranar. Na fito tsakar asibitin ina faɗa, masu jira suka miƙe. Yarinyar da ke kan tebur ta juyo mini da fuskar kwamfuta tana cewa, "Madam, mun tura tun Alhamis, mun sake turawa, kod bai zo ba." Likitan ya fito, matashi ne, da ganinsa shi ma a tsorace yake. Ya ce ya yi zargin haka, ya rubuta a kan buƙatar cewa da gaggawa ne, yana ba ta allurai yana jira. Su ba su da mai yin tiyata, babban asibitin da za su tura ta kuma ba ya karɓar mai kati ba kod. Ya ce ya yi wa mai jinya bayani ranar Asabar cewa in muna da hali mu ɗauke ta mu biya da kanmu. Yaya Lami ta ce ita dai ta ji ana ta cewa kod, kod, ta ɗauka sunan maganin da ake jira ne a kawo. Wani babba a wurin ya ja ni gefe yana ba ni haƙuri, wai su ma kamfanin ya daɗe bai biya su ba, in suka yi aiki ba izini asararsu ce.

Na ce a cire mata robar ƙarin ruwan. Suka ce sai na sa hannu cewa da kaina na ɗauke ta, na sa. Malam ya baro ofis ba tare da ya tambayi kowa ba, muka yi shatar mota, na rungume ta a baya. Duk ramin da motar ta faɗa sai in ji ta matse mini hannu.

Muka koma inda na baro, wurin sauro da kwali. Babu sauran abin sayarwa a gidana. Direbobin ofishin su Malam suka haɗa abin da suka haɗa, bai kai ba. Dogon likitan ya taɓa cikinta, ya dube ni, ya ce a shiga da ita, sauran takardu a kawo daga baya. Wannan alherin ba zan manta da shi ba har in mutu.

Tana ɗakin tiyata wayar Malam ta yi ƙara. Saƙo ne daga kamfanin inshora: an amince, ga kod ɗin hoton ciki, suna yi wa mara lafiya fatan samun sauƙi. Ya miƙo mini wayar, na karanta, na miƙa masa abarsa.

Da likitan ya fito bai yi kwana-kwana ba. Ya ce, "Mama, an daɗe. Dattin ya bazu ko'ina, ya shiga jini. Mun wanke, sauran na Allah ne." Daga baya ya ƙara mana da wani abu da ya fi komai ƙona ni. Ya ce a ƙa'ida ciwon gaggawa ba ya jiran kod, ana fara aiki ne izini ya biyo baya. Sai dai asibitoci suna tsoron kada a ƙi biyansu, masu jinya kuma ba su san suna da wannan haƙƙin ba, balle su ɗaga murya.

Nas mai kaifin baki ta matsar da wata mara lafiya, ta haɗa musu gado kusa da kusa, Hassana a dama, Husaina a hagu, ba tare da kowa ya gaya mata haka suke zama ba. Husaina ta miƙa hannu ta ratsa tsakanin gadajen ta riƙe nata. Na ga kamar Hassana ta ɗan dawo, har na fara sa rai. Inna ta bugo ta ce a yi sadakar ƙosai, aka yi. Aka yi addu'a a masallacinmu, Maman Joy ta ce su ma sun yi a cocinsu.

Ba ta kai Juma'a ba. Ranar Alhamis da hantsi nas ta zo yi mata allura, ta buɗe ido da ƙyar ta dube ni. Na sunkuya don in ji. Ta ce, "An ba Husaina nata?" Na ce an ba ta. Ta lumshe ido. Kafin a ɗauke kwanukan karin kumallo ta cika. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Na yarda da ƙaddara, kwananta ne ya ƙare. Amma yarda da ƙaddara bai hana ni jin haushi ba, kuma har yau ina ji. Inna ta zo zaman makoki, a nan ta ji labarin katin da muka ɓoye mata. Na zaci za ta tashi gidan da faɗa. Cewa kawai ta yi, "Na ce kada a raba su." Malam ya fita waje, ya daɗe bai dawo ba. Ni da shi mun yi makonni ba ma haɗa ido. Shi yana ganin da bai tafi bikin ba, ni ina ganin da na je tun Juma'a. Da na sani ƙeya ce. Yaya Lami kuwa har yau ba ta iya shigowa gidan ba, kodayake na aika mata cewa ban riƙe ta da komai ba.

Masu zuwa gaisuwa sun yi ta tambayata, to wanne ya fi, na gwamnati ko na inshora? Ni na kwana a duka biyun, ga abin da na gani. A na gwamnati ƙofar ce mai wuya. In ba ki da kuɗi a hannu, ko maƙwabta irin nawa, ɗanki zai iya mutuwa a kan benci kina layin biya, kuma na ga waɗanda aka mayar gida saboda haka. Amma in kin samu kin shige, akwai hannun da zai taɓa cikin ɗanki. A na kati ƙofar a buɗe take, da murmushi ma, sai kin shiga ki tarar da wata ƙofar a ciki, mabuɗinta yana hannun wani da ke zaune a ofis, bai taɓa ganin fuskar 'yarki ba, kuma ba ya aiki Asabar da Lahadi. Ban ce a yar da kati ba. Wanda ya sayar da keken ɗinkinsa a yini ɗaya ba zai ce haka ba. Na dai ce kati ba ya jinya. Ki tambaya tun kina lafiya me asibitinki ke iyawa da me ba ya iyawa. In an ce ana jiran kod, ki tambaya na mene ne, in kuma ciki ne ya ƙage ko numfashi ya sauya, ki tayar musu da hankali ko ki ɗauki ɗanki ki fita. Kada ki raba maganin mutum ɗaya wa mutum biyu. Yaron da ba ya kuka kuma, shi za ki fi sa wa ido.

Husaina ta warke. Ɗinkin ya kame, ta fara cin abinci, ta koma makaranta. Sai dai gidan ya yi shiru, don mai hayaniyar ta daina. Ranar da muka dawo daga cire zare ta yi tuntuɓe a bakin ƙofa har yatsa ya fashe, ba ta ce uffan ba. A silifa na ga jinin.

Bayan sadakar arba'in Malam ya dawo daga aiki da wata takarda, ya ajiye a gabana, ya zauna yana kallon ƙasa. Jami'in da ke kula da inshora a ofishinsu ne ya kira shi, ya yi masa ta'aziyya sosai, sannan ya ce tunda gurbi ya samu, ba sai an jira Abba ya cika sha takwas ba, a kawo sunan Husaina. Don ya sauƙaƙa masa, har ya ce hoton ma ba sai an sake ba, tunda kamarsu ɗaya, na marigayiyar da ke cikin fayil ya isa. Na san da kyakkyawar niyya ya faɗa. Amma na ce wa Malam ko da bashi sai an ɗauki sabo, ba za a manna wa Husaina fuskar 'yar'uwarta ba.

Washegari na kai ta wurin mai hoto a bakin kasuwar Orozo. Ya ajiye mata kujera gaban farin ƙyalle, ta je ta zauna a gefen hagu, ta bar rabin kujerar. Ya ce ta matso tsakiya. Ta ɗan matsa, yana ɗaga kyamara ta sake zamewa gefe, ita kanta ba ta san tana yi ba. Ya sake faɗa, ta sake yi. Ya gaji ya ɗauka a haka, ya ce kada in damu, zai daidaita shi a kwamfuta. Na ce ya bar shi yadda yake.

Katin ya fito makon jiya, yana cikin jakata. Husaina tana gefen hagu, damanta farin ƙyalle ne kawai.